Dambe a Fili da Dambe a Waya

Samari da dama a Talata Mafara da Bakura da Maradun sun fara ganin dambe ne a fuskar waya kafin su taɓa taka gidan dambe, alhali ƙasarsu na cikin wuraren da wasan ya fi kafuwa. Abin da wayar ke nuna musu bai wuce rabin minti ba: mutum biyu sun ja daga, hannu ya tashi, ɗaya ya zube, fili ya kaure da ihu. Wannan ƙarshen dambe ne kawai. Wanda ya shiga fili karon farko zai tarar mafi yawan lokacin yana tafiya ne a kan abubuwan da mai ɗaukar bidiyo ke yankewa ya zubar, kuma su ne ke sa naushin ya zama labari.

Tun kafin a taka, ɗan dambe na zaune ana yi masa naɗi, ƙyalle a ciki, igiya a waje, har hannun ya yi tauri. Masu kalangu suna kiran kowa da takensa, wanda aka kira ya zabura ya shigo yana kirari, yana lissafa waɗanda ya buge da garuruwan da ya buge su. Daga nan sai neman abokin karawa, wanda shi ma kallo ne mai zaman kansa, domin ana iya nuna wa mutum hannu ya kau da kai, kuma kowa a filin ya gani. Ba a haɗa 'yan ɓangare ɗaya. Ɗan Kudu da ɗan Arewa ne, ko ɗayansu da ɗan Guramada, kowa da iyayen gidansa a bayansa suna auna ko yaronsu ya isa. In an taka, turmi uku ne, kuma sau da yawa akan tashi babu kisa, wato ba wanda aka kayar. Irin wannan damben ba ya yawo a waya, amma a cikinsa ne ɗan kallo ke koyon duba ƙafa, da yadda buɗaɗɗen hannu ke auna tazara yana tsare fuska, da dalilin da zai sa gwani ya daɗe yana zagaye bai saki hannu ba. Tsarin ya samo asali tun zamanin da mahauta ke bin ƙauyuka bayan kaka, su yi fawa da rana, da dare su kara da samarin gari, jama'ar da ta kewaye su ita ce shaida.

Wani zai ce ai shahararren ɗan dambe Shago ma ba a fili yawancin masoyansa suka san shi ba, a rediyo da kaset suka ji shi ta bakin mawaƙi Muhammadu Bawa Ɗan Anace. Haka ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai a duba abin da waƙar ta ɗauko. Ta zo da kiɗan, da zugar, da sunayen abokan karawa irin su Ɗandunawa, da fargabar da ke kama mutane kafin a haɗu. Filin ta kwaso ta kai wa wanda bai je ba, naushin kansa kuwa mai sauraro ne ke ƙaddara shi a ransa. Gajeren bidiyo akasin haka yake yi, ya ba ka naushin ya hana ka sanin waye ya faɗi da abin da faɗuwarsa ke nufi.

Ba dambe kaɗai ke da wannan matsala ba. Wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda babbar gasarsa ta NHL ta fara a Kanada a 1917, ana buga shi zango uku, kowane minti 20, da ɗan faifan roba mai gudun da ido ke wahalar bi a talabijin, har tashar Fox ta Amurka ta riƙa haska shi da launi a 1996. Wanda bai san wasan ba ya fi cin karo da bidiyon 'yan wasa suna naushin juna, laifin da hukuncinsa zaman minti 5 ne a waje. Sai ya zauna a filin zai ga yadda ake sauya 'yan wasa ana tsakiyar gudu, da ƙarar takalmi a kan ƙanƙara, ya gane faɗan ɗan kaɗan ne daga cikin wasan.

Ƙorafin da ya fi nauyi game da zuwa gidan dambe shi ne na tsaro. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Maradun da Bakura da Mafara, taron dare a bayan gari ba abin da za a tura yaro ba ne, kuma 'yan damben da suka yi suna sun fi samun abinci a Kano da Dei-Dei ta Abuja da Legas. Ga wanda ke gida, waya ce ta rage, kuma tana kawo wa 'yan wasa suna da kuɗi. Ba a musun wannan. Amma abin da ake saka wa lada shi ke yawaita: idan kisa kaɗai ke jawo masu kallo, sabon ɗan dambe zai koyi kai hannu kafin ya koyi tsaro, yaran unguwa kuma su kwaikwayi naushin ba tare da ubangida ko alƙali ba. Malaman da ke ƙyamar damben saboda layu da dukan fuska ma, bidiyon ya bar musu abin da suke ƙi, ya cire ƙa'idar da ke tsayar da hannu da zarar gwiwa ta taɓa ƙasa. Masu ɗauka suna iya barin turmi ukun su tafi yadda suke, da kalangu da kirari da wanda aka raba babu kisa, ko da masu kallonsa ba su kai na gajeren ba.