Gwanin Bakin Kogo

Duk wanda ya taɓa neman waya ko kayan laturoni a Kano ya san titin Bairut. 'Yan Labanon ne suka zauna a wannan yanki na Fagge bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, suka yi cinikin gyaɗa da fata da yadi, Kantin Kwari ya bunƙasa a hannunsu kafin ya dawo hannun 'yan ƙasa. Birnin da titin ya ci sunansa a gaɓar Bahar Rum yake, kuma a ƙarshensa ta yamma akwai wasu manyan duwatsu biyu tsaye cikin teku, ana ce musu Rawsha. Ruwa ya huda babban ya yi masa ƙofa, ya kuma ƙwaƙule kogwanni a gindin tsaunin da ke fuskantarsu. Masunta na ɗaukar baƙi a ƙananan jiragen ruwa su ratsa ƙofar da su, su leƙa kogwannin, su dawo da su lafiya.

Yau mutanen Fagge da Sabon Gari ba baƙin teku ba ne kamar da. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano, nan bayan gida, ɗan kasuwa yana tashi zuwa Istanbul ko Alƙahira, ɗalibi ya tafi karatu, wani ya je neman magani. Cikinsu akwai masu samun yini guda su shiga jirgin yawon buɗe ido, su dawo da bidiyo a waya: ruwa shuɗi shar, rufin dutse yana ɗiga, haske yana tasowa daga ƙasa. Sai a yi ta miƙa wayar hannu da hannu a shago ana tasbihi, kuma abin ya cancanci tasbihi. Amma a gefen hoton akwai kafaɗar wani mutum da ba wanda ke tambaya a kansa, shi ne matuƙin. Ni shi nake so in yaba, domin ba don shi ba, da kogon nan ba wanda zai gan shi ya fito ya ba da labari.

Ko 'yan'uwanmu na Sabon Gari da suka fito daga bakin teku, Ijaw da Itsekiri da Ilaje, waɗanda aka haifa a cikin kwale-kwale, ba su gaji wannan sana'a ba. Gaɓar Najeriya, mai tsawon kusan kilomita 850, yashi ce da taɓo da dajin bakin ruwa, ba tsaunin da teku zai sassaƙa. Kogon teku sai inda dutse ya tsaya ƙiƙam a gaban igiyar ruwa, musamman irin farin dutsen da ake yin siminti da shi, kamar na Kalambaina a Sakkwato. Igiya takan sami tsaga a jikinsa, ta danna iska ciki da ƙarfi, ta janye, ta dawo da yashi da tsakuwa tana goga. Dubban shekaru a haka, tsaga ta zama rami, rami ya zama ɗaki. Wato wurin da baƙo yake son shiga shi ne ainihin wurin da teku ya fi dukan dutse, kuma bai daina dukan ba don an zo kallo.

A nan gwanintar take farawa. Matuƙi na gari ba ya kallon kogo, ruwa yake kallo. Tun daga nesa zai rage wuta, ya tsaya yana juya jirgi a hankali, baƙi suna ganin kamar ɓata lokaci yake yi. Lissafi yake. Igiyar teku ba ɗai-ɗai take zuwa daidai da juna ba, rukuni-rukuni take zuwa: manya kaɗan a jere, sai ta lafa, sai manyan su dawo. Wannan ɗan lafawar yake nema, kuma sai ya ga rukuni ya wuce ya sake ganin wani kafin ya san tsawon sararin da yake da shi. Rana ma tana iya yin kyau, ba iska ko kaɗan, amma ruwa yana ɗagowa yana sauka a hankali saboda guguwar da aka yi jiya can nesa da ɗaruruwan kilomitoci. A tsakiyar teku wannan kumburi ba ya tsorata kowa. Idan ya shiga kogo mai tsukewa kuwa, ba shi da wurin bazuwa sai sama, sai ya ɗaga jirgi ya nufi rufin dutse da kawunan mutane. Ruwan ya bugi bangon ƙarshe kuma ya juyo, ya ci karo da na bayansa. Shi ya sa gwani yakan saurari kogo kafin ya shiga: in yana gurnani yana feso iska da yayyafi, ranar ba ta shiga ba ce.

Yana karanta launin ruwa ma. Inda ya yi duhu akwai zurfi, inda ya yi fari-fari dutse na kusa, inda kumfa ke bayyana ta ɓace a wuri ɗaya akwai dutsen da ya ɓuya a ƙarƙashi yana jiran farfelar inji. Jirgin fasinja da ya gifta can nesa ma yana cikin lissafinsa, domin igiyar da ya tayar za ta iso bayan 'yan mintoci. Wasu matuƙa da baya suke shiga kogo, goshin jirgi yana kallon waje, don in abu ya canza su fice ba sai sun tsaya juyawa ba. Kuma kafin a tashi daga gaɓa ya riga ya dubi mutanensa ya raba su, mai jiki nan, yara a tsakiya, kowa da rigar da ke hana nutsewa, domin mutum ɗaya da ya miƙe tsaye don ɗaukar hoto ya isa ya karkatar da ƙaramin jirgi.

Inda wannan sana'a ta kai maƙura, a ganina, shi ne tsibirin Kapri da ke kusa da birnin Napoli a Italiya. Akwai kogo a can da ake kira Shuɗin Kogo, tsawonsa kusan mita 60, faɗinsa kusan mita 25. Ƙofarsa kuwa faɗinta mita biyu ne, tsayinta daga fuskar ruwa bai wuce mita ɗaya ba, shi ma sai teku na kwance. Romawa sun san shi tun zamanin Sarki Tiberiyas, wanda ya ƙare mulkinsa a tsibirin ya mutu a shekara ta 37 miladiyya, kuma a 1964 an tsamo gumakansu daga ƙasan ruwan. Daga baya masunta suka riƙa gudunsa suna cewa akwai iskoki, har 1826 da wani masunci, Angelo Ferraro, ya kai marubucin Jamus August Kopisch da abokinsa mai zane Ernst Fries ciki. Tun daga nan baƙi ba su yanke ba.

Babban jirgi ba ya shiga. A bakin kogon ake sauke mutane cikin ƙananan kwale-kwale na katako, mutum huɗu a kowane, su zauna a ƙasa ba a kan benci ba. Matuƙi yana tsaye da filafili biyu, yana riƙe kwale-kwalen a wuri ɗaya a kan ruwan da ba ya tsayawa, ga wasu a layi gaba da baya. Idan layi ya zo kansa sai ya ce kowa ya kwanta rigingine, a shigar da hannuwa ciki. Ya ja filafilansa ya kwantar da su a jikin jirgi, domin ƙofar ba za ta ɗauke su a buɗe ba. Daga nan ba shi da abin tuƙi sai wata sarƙa da aka kafa a jikin dutse ta bi ta cikin ƙofar. Ya kama ta ya jira. Ruwa ya ɗago, ƙofar ta kusa rufewa, bai motsa ba. Ruwa ya fara sauka, bakin dutse ya buɗe, sai ya fizgi sarƙar da dukkan ƙarfinsa, a lokaci guda ya jefa bayansa ƙasa a kan fasinjojinsa, dutse ya wuce ɗan taƙi kaɗan daga hancinsa. Abin bai fi ƙiftawa uku ba. Wanda ya taɓa tsayawa a Kantin Kwari ya ga ɗan dako da dila a ka yana jiran cunkoso ya ɗan tsage a bakin layi, ya kutsa a daidai lokacin ba tare da ya taɓa kowa ba, ya ga irin wannan ido da irin wannan haƙuri. Sai dai a Kapri, wanda ya yi gaggawa ko ya yi nawa, da kansa zai biya.

A ciki duhu ne da farko, sai ido ya saba, ruwan ya kama haske kamar an kunna fitila a ƙarƙashinsa. Dalilin shi ne akwai wata babbar kafa a ƙarƙashin ƙofar, cikin ruwa. Hasken rana ta nan yake shigowa, ruwa ya shanye jan da ke cikinsa ya bar shuɗin. Matuƙan sukan rera waƙoƙin Napoli su zagaya da baƙi, kamar minti biyar ke nan, sai a ba wasu wuri.

Bahar Rum ba ya cika ya janye sosai, bambancin ɗan kaɗan ne, don haka iska da kumburin ruwa su ne abin dubawa a Bairut da Kapri. A tekun Atlantika kuwa wata ma yana da ta cewa. A Benagil, kudancin Fotugal, inda kogon yake da huda a rufinsa da rairayi a cikinsa, ruwa yana hawa ya sauka har kusan mita uku tsakanin cika da janyewa, kusan sau biyu a yini. Ƙofar da aka bi da safe tana iya zama dutse tsirara da azahar. Matuƙin can yana tafe da jadawalin wata a kansa. Cunkoso ya yi yawa a kogon har hukuma ta hana iyo zuwa cikinsa da sauka a kan rairayinsa a 2024.

Akwai wani ɓangare na gwanintar da ba ya fitowa a bidiyo, kuma shi na fi girmamawa. Ga baƙi sun taho daga wata duniya, ga kuɗi a hannu, gobe za su tashi, suna roƙo. Ga iyali a gida, kuma kakar baƙi 'yan watanni ce. Matuƙi ya dubi ruwa ya ce yau ba za a shiga ba. A Kapri in teku ya tashi rufe kogon ake yi ɗungurungum, a lokacin sanyi a kan yi kwanaki ba a buɗe ba. Mutumin da zai iya mayar da kuɗi ya koma gida hannu rabbana don ruwa bai yi masa ba, wannan ya san aikinsa fiye da wanda ya iya jan sarƙa kawai.

Mu ma muna da masu wannan ilimi, ko da ba mu da kogon teku. Sarkawan Kabi da na Yawuri sun gaji sanin ruwa kaka da kakanni: inda kogi ke juyi, inda yashi ya tashi bana, yadda ake tsayuwa a kwale-kwale da gora. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ba mai faɗawa kogin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma wanda ya kalli wasannin kabanci ya ga abin da hannu da filafili ke iya yi. UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016. A shekarar ce kuma Daliya, gaɓar duwatsun da masuntan Rawsha ke tashi daga ita, ta shiga wani jeri na daban, na wuraren tarihi a duniya da ake fargabar rasawa, bayan masu gine-gine sun katange ta. Ilimin ruwa a ko'ina yana hannun talakawa ne, kuma ba a cika tuna su ba sai an yi rashi. Kanawa ba su manta 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da kwale-kwale ya kife a ruwan Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya daga ƙauyen Badau. An ce lodi ne ya yi yawa. Allah Ya ji ƙansu. Kullum na tuna su sai in tuna ƙa'idar mutum huɗu ta Kapri, wadda ba a ƙara na biyar ko nawa zai biya, in ji ina ma 'yan fitonmu na Tiga da Bagwai da Challawa sun sami irin wannan goyon baya: rigunan ruwa isassu, jirage isassu, da hukumar da za ta tsaya musu in sun ce jirgi ya cika.

Saboda haka ɗan'uwa, in Allah Ya kai ka bakin irin wannan teku, kafin ka yi cinikin kuɗin jirgi dubi mai jirgin. Ka ga ko ya ƙirga mutane, ko ya ba kowa riga, ko idonsa na kan ruwa yana magana da kai. In ya ce zauna nan, zauna. In ya ce kwanta, kwanta, ko da babbar riga ce a jikinka, kuma ka mayar da waya aljihu sai an shiga. Kada ka saki jiki don an shiga lafiya, domin fita ta fi shiga wuya. Yanzu igiya gaba da gaba take zuwar masa, idonsa ya saba da duhu ga hasken waje yana kashe shi, ba ya ganin abin da ke tahowa daga teku sai dai ya auna da yadda ƙofar ke tsukewa tana buɗewa, ga kuma wani kwale-kwale a waje yana jiran shigowa ta ƙofar nan ɗaya. Zai sake cewa a kwanta, ya sake kama sarƙa, ya sake jira. Yana fitar da ku ya miƙa ku babban jirgi, sai ya juya ya ɗauki wasu huɗu ya koma layi, haka har la'asar.