Faifanmu Ya Yi Waƙa, Amma a Gidan Wasu

A baje kolin zane na zamani ba hoto kaɗai ake ratayewa a bango ba. Yanzu ɗaki guda ake shiryawa da kaya da sauti da haske, mai kallo ya shiga ciki ya ji da jikinsa. Cikin gwanayen wannan fanni akwai tamu, Fatimah Tuggar, haifaffiyar Kaduna a 1967, ɗaya daga cikin mutum takwas da suka wakilci Najeriya a babban baje kolin Venis ta Italiya a 2024.

Aikinta da ya fi tsaya mana a rai shi ne "Fai-fain Gramophone" na 2010. Garmaho ta ɗauko, amma maimakon baƙin faifan waƙa sai ta sa faifan saƙa, irin wanda iyayenmu mata ke rufe ƙwarya da bakace da shi. Muryar da ke tashi kuwa ta marigayiya Barmani Coge ce, gwanar amada ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013.

To, ga inda gwanintar take. A Hausa abin rufe ƙwarya faifai ne, abin garmaho ma faifai ne. Kalma ɗaya ta ɗaure kayan Bature da kayan tsakar gida. Amada kuma da ƙwarya ake kiɗanta. Wato murfin ƙwarya ne ke rera waƙar ƙwarya. Ba da dogon jawabi ba, aikin ya nuna cewa saƙar mata ma fasaha ce, ba ƙasa take da injin ba.

Sai dai nan ƙorafinmu yake. An nuna aikin a 2019 a gidan tarihi na Davis da ke Kwalejin Wellesley a Amurka. Wanda ba ya jin Hausa sai ya karanta takardar bango kafin ya gane. Amma tsohuwa mai sayar da faifai a kasuwar Lafiya, wallahi kallo ɗaya za ta yi ta kwashe da dariya. Masu mabuɗin suna nan, ƙofar tana can. Ai rawa ta fi daɗi a gaban wanda ya san kiɗan.

Mu ma da namu laifin. A unguwar nan, ɗakin amarya nawa ne yau za ka shiga ka ga jeren faifai? Roba da silba sun kore shi, masu saƙar suna tsufa ba magada.

Ba sai mun jira Venis ba. Muna da Jami'ar Tarayya a Lafiya, muna da zauruka da makarantu. A samu ɗaki ɗaya bayan sallah, a jera faifai da ƙore, a kunna amada, a rubuta sunan kowace masaƙiya kusa da aikinta. Yaranmu su shiga su gani tun kafin su fara tambaya: "Inna, mene ne wannan?"