Makulli mai kyau, ɗaki ba kowa

Ƴan'uwa ɗalibai, kullum ana ce mana mu koma Signal. Hujjar tana da ƙarfi: rubutun ginin manhajar a buɗe yake, kowane masani na iya bincika shi, kuma gidauniya ce ke riƙe da ita. WhatsApp ma tun 2016 da tsarin kulle saƙo na Signal take aiki. Bambancin, Meta na tara bayanan gefe: lambarka, irin salularka, da wa kake hulɗa.

To me ya hana mu? A Janairun 2021, da WhatsApp ta sauya sharuɗɗanta, miliyoyin mutane suka sauke Signal. Amma manhajar saƙo kasuwa ce, inda jama'a take nan take ci. Gurup ɗin aji, na dangi, na fataken Maraɗi da Katsina, duk suna WhatsApp.

Ga kuma matsalar harshe. Don tabbatar da ba mai laɓe a tsakani, Signal na so ku gwada lambar tsaro mai alƙaluma 60. Wa zai bayyana wa inna wannan, ita da vokal kawai take turawa? Kalmar Faransanci chiffrement ba ta gaya mata komai. Ka ce mata "saƙo a kulle, mabuɗin na hannunku ku biyu kaɗai", nan take za ta gane.

Wannan aikinmu ne, mu ƴan sashen harsuna: mu samar da kalmomin, mu yi bayanin da baki, mu fara da gurup ɗin ajinmu. Muddin ƴan jarida da ƴan fafutuka kaɗai ke amfani da Signal, ganinta a salularka ma ya isa a zarge ka.