Labarin Dorugu, Ɗan Damagaram Da Ya Ƙetare Teku

Ya kai mai karatu, mu nan Kwaya ba mu da teku. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na tabki. Turawa kuwa sun cika littattafai da labarin masu jiragen ruwa na zamanin da, har da masu farautar wata ƙatuwar dabbar teku don man fitila. To, mu ma muna da namu matafiyi wanda ya hau teku a wancan zamani, kuma labarinsa yana nan rubuce da Hausa. Sunansa Dorugu. Zo mu auna labarin nan tare, mu ga inda ya yi kyau da inda ya gaza.

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Ubansa manomi ne, makaɗi kuma. Yana yaro mahara suka kama shi, aka sayar da shi bawa, har ya kai Kukawa ta Barno. Can wani Bajamushe mai suna Overweg, wanda ake ce wa Tabib, ya ƴanta shi. Da Tabib ya mutu a 1852, sai ya koma hannun abokinsa Barth, wato Abdulkarim. Tare suka bi ta Zinder da Katsina da Sakkwato da Say, suka shiga Tumbutu a 1853.

A 1855 suka tashi daga Kukawa, suka keta hamada ta Bilma da Murzuk. Sun fi wata uku a hanya kafin su kai Tarabulus. Nan suka shiga jirgin ruwa mai hayaƙi, suka bi ta Malta, suka sauka Faransa, suka ƙarasa Landan cikin watan Satumba. Wannan kashi na biyu wajen mako biyu kawai ya ci. A Ingila wani ɗan mishan mai suna Schön ya zaunar da shi, Dorugu na faɗa, shi yana rubutawa. Labarin ya fito a 1885 cikin littafin da ake kira Magana Hausa.

Abu na fari da ya sa labarin ya yi daɗi shi ne harshensa. Hausa ce ta gida, irin wadda ake yi a zaure bayan sallar isha'i. Maganganunsa gajeru ne, ba ya kewaye-kewaye. Wanda ya gama shekara ɗaya a ajin yaƙi da jahilci zai iya bin ma'anarsa.

Abu na biyu shi ne idonsa. Mun saba Bature ya zo ƙasarmu, ya dube mu, ya rubuta yadda muke ci da yadda muke aure. A nan sai reshe ya juye da mujiya. Yaron ƙauye ne ya zauna wurin cin abincin Turawa, ya lura da yadda maza ke kama hannun mata su shiga, da yadda matan ke tashi su bar maza bayan an ƙare. Ya faɗi abin da ya gani, bai zage su ba, bai kuma raina kansa ba.

Abu na uku shi ne bauta. Littattafan tarihi sun fi ba mu sunayen sarakuna da yaƙoƙin da suka ci. Dorugu kuwa yana cikin waɗanda aka kora gaba kamar awaki. Daga bakinsa muke jin yadda hari ke raba ɗa da mahaifi. Wannan wurin ba ya da daɗin ji, amma tarihinmu ne, ya kamata mu sani.

To, ina aibinsa? Na ɗaya, mai baki daban, mai alƙalami daban. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. A Saliyo ya koyi harshen, wurin ƴantattun bayi, kuma babban nufinsa shi ne ya tara kalmomi don ƙamus da aikin mishan. Yaro baƙo da ke cin tuwon mutum ba zai faɗi duk abin da ke ransa ba. Saboda haka idan ka ji ya yabi masu masaukinsa, ka tuna da wanda ke riƙe da alƙalami.

Na biyu, rubutun tsoho ne. A lokacin babu baƙaƙe masu ƙugiya, irin su ƙ da ɗ da ɓ, sai mai karatu ya dinga lalube tsakanin kafa da ƙafa. Na uku, labarin ya tsaya Dorugu yana saurayi. Ya komo Afirka a 1864, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912. Duk waɗannan shekaru babu su ciki. Na huɗu, sunan Schön ne a bangon littafin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka, labarin ya cancanci a karanta. An fassara shi da Ingilishi a Amurka a 1971, ga shi jikokin maƙwabtansa da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Ya kamata ma'aikatar yaƙi da jahilci ta sake buga shi da baƙaƙenmu na yau, manya-manya, da sunan Dorugu a bango.

Kai kuma, ɗan'uwa, ka fi Dorugu na wancan lokaci sa'a, don alƙalami yana hannunka. A garinku akwai tsohon da ya je Makka a ƙasa, akwai wanda ya yi cin rani a Ikko ko Kumasi. Ka zauna da shi, ka rubuta yadda ya faɗa, ka sa sunansa a sama, ka aiko mana. Allah ya ba da iko, amin.