Harshen Gida da Harshen Aji: Sharhi kan Littafin Richard Rodriguez

A shekarar 1982 aka buga littafin Hunger of Memory a Amurka, sunan da za a iya fassarawa da "Yunwar Tuna Baya". Marubucinsa, Richard Rodriguez, an haife shi a San Francisco a 1944, ya girma a Sacramento ta jihar Kaliforniya, iyayensa kuwa baƙi ne daga Meziko masu magana da Sifaniyanci. Duk da nisan da ke tsakani, ya kamata malaman Baudeta, Tasawa da Mayahi su san da littafin, domin tambayar da ya aza tamu ce: shin tilas ne yaro ya ajiye harshen uwarsa a ƙofar aji kafin ya ci gaba?

Marubucin ya shiga makarantar ƴan mishan bai san Ingilishi ba sai ƴan kalmomi. Da malamansa suka ga ba ya buɗe baki a aji, sai suka je gidansu suka roƙi iyayen da su riƙa yi wa yara Ingilishi. Iyayen suka amince saboda son ci gaban ƴaƴansu. Yaron ya yi fice, har ya kai jami'o'in Stanford da Berkeley. Amma gida ya yi tsit. Uba ya rage magana don Ingilishinsa bai nuna ba, hirar cin abinci ta taƙaice, dangi suka shiga yi wa yaron gori cewa ya manta asalinsa. Daga nan Rodriguez ya yanke hukunci: Sifaniyanci harshen cikin ɗaki ne, Ingilishi na fili ne, asarar kuma farashi ce da ta dace a biya. Saboda haka ya soki koyarwa da harsuna biyu.

Ƙarfin littafin yana cikin gaskiyar da ya faɗa game da shirun nan. Ba kasafai marubuci ke bayyana cewa karatu ya raba shi da iyayensa ba. Duk wanda ya yi lakkwal a zamanin da ake rataya wa yaro alamar horo a wuya don ya yi Hausa a farfajiya zai gane wannan ciwo.

Rauninsa kuwa shi ne ya mai da abin da ya same shi doka ga kowa. Bai gwada wata hanya ba, ya ce babu ita. Ai ba Sifaniyanci ne ya hana shi magana a aji ba. Makarantar ce ba ta da hanyar ɗora sabon harshe bisa wanda ya zo da shi. Yaron da ya koyi haɗa baƙi da wasali cikin harshen da yake ji, ba ya sake koyon wannan dabara in ya shiga harshe na biyu, ƙaura yake yi da ita. Ita kanta Kaliforniya ta sake tunani: a 1998 masu zaɓe suka taƙaita koyarwa da harsuna biyu, a 2016 kuma suka janye takunkumin. Haka nan masanin harshe Joshua Fishman ya nuna a 1991 cewa ran harshe yana cikin miƙa shi daga iyaye zuwa ƴaƴa a gida da unguwa. Abin da aka saba gani ga baƙi a Amurka shi ne kaka na jin Sifaniyanci kaɗai, ɗa na jin biyu, jika na jin Ingilishi kaɗai.

Mu a Nijar an riga Rodriguez ba da amsa. Tun 1964 Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira cikin L'Éducation en Afrique da a koyar da ɗan Afirka da harshensa. A 1973 aka buɗe ajin gwaji na Hausa da Faransanci a Damagaram, daga baya aka ƙara Zabarmanci, Fillanci, Barbarci da Buzanci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, kundin da aka zartar a Maris 2025 kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. Sai dai doka ba ta yin tatsuniya da dare.

Wani zai ce mene ne haɗin wannan da Baudeta, inda Hausa ta cika kasuwa da masallaci da gona? Haɗin uku ne. Na farko, ƴaƴan ma'aikata da ƴan ci-rani da suka zauna Yamai ko ƙasashen waje: akwai gidajen da aka mai da Faransanci ko Larabci harshen tabarma, yaro ya zo hutu bai iya maida wa kakarsa wasan jika ba. Na biyu, zurfin harshe: yaro na iya ciniki da Hausa amma bai san kirarin garinsu ba, bai san sunayen itatuwan gonar ubansa ba, bai iya rubuta wasiƙa da ita ba. Na uku ya fi nauyi. Ga ɗan Bafillace ko Buzu na rugagen Mayahi da Tasawa, sau da yawa Hausa ce ke yin aikin da Ingilishi ya yi wa Rodriguez. Wanda ya yi kukan danniyar Faransanci bai dace ya yi wa yaro dariya don ya yi Fillanci a aji ba.

Saboda haka darasin yana wuyan malami. Kada mushe ya je gidan kowa ya ce a daina yi wa yaro harshen iyayensa. Ya ce a ƙara, ya bar wa aji koyar da Faransanci. Ƙungiyoyin al'adu kuma su tattara tatsuniyoyi da kacici-kacici da tarihin garuruwa daga bakin tsofaffi, su rubuta su da daidaitacciyar ƙa'ida, su sa su hannun ɗalibai.

Littafin Rodriguez shaida ce mai kyau da aka gina hukunci maras kyau a kanta. A karanta shi don a ga abin da gida ke rasawa, ba don a bi shawararsa ba. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.