Hannun da ke shiga ta kwiɓi don gyara ƙashin baya

Manomin Tambuwal ko na Kebbe da ciwon baya ya hana shi sunkuyawa, idan lamarin ya kai ga tiyata, Sakkwato ake tura shi, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Cikin dabarun da likitocin duniya ke bi don haɗe gaɓoɓin ƙashin baya biyu su zama ɗaya, akwai wadda likitan Brazil, Luiz Pimenta, ya shahara da ita: a shiga ta kwiɓi.

Tun kafin a taɓa wuƙa aikin ke farawa. Gwani yakan zauna da hoton MRI ya ga inda jijiyoyi da manyan hanyoyin jini suka bi, domin kowa da irin halittarsa. Sai a kwantar da majinyaci a gefe guda, a ɗan lanƙwasa masa cinya don tsoka ta saki, a ɗaure shi kada ya goce, a yi ta gyara na'urar hoton ƙashi har gaɓar ta fito sak.

Yankan ɗan ƙarami ne. Da yatsa likita ke lallaɓa jakar hanji ya tura ta gaba, har ya isa tsokar da ake kira sowas, wadda ke ɗaga cinya. Nan haɗarin yake, domin jijiyoyin da ke motsa ƙafa a cikinta suke ratsawa. Ba a yanka ta. Buɗa ta ake yi ta bin tsawonta, kamar masaƙi na raba zare, wata na'ura kuma tana aika 'yar wutar lantarki, ta yi gargaɗi in an kusanci jijiya. An fi taka-tsantsan tsakanin gaɓa ta 4 da ta 5 na ƙashin ƙugu, inda jijiyar cinya ta fi matsowa.

Daga nan idon likita na kan agogo, don ƙarfen da ake sakawa ya riƙe tsokar a buɗe in ya daɗe, majinyaci na iya farkawa da sagewar cinya. Likita yakan kwashe lalataccen faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin biyu ba tare da ya kankare fuskar ƙashi ba, in ba haka ba abin da zai dasa ya nutse. Sai ya saka faffaɗan keji cike da garin ƙashi, wanda ya hau gefe da gefe inda ƙashi ya fi ƙarfi.

Bayan an dasa kejin, malalaci zai ce hoto ɗaya ya isa. Gwani kuwa sai ya sake dubawa, don ya san da ƙafar nan mutum zai koma gona.