Jinjina ga Ma'aikatan Hukumar Tafkin Chadi

Duk wanda ya tsaya a gadar Ngeli da safe ya ga yadda Kuseri da Njamena ke cin kasuwa ɗaya: manyan motoci daga Duwala, 'yan babur, mata da kwandunan busasshen kifi. A hayin Njamena ne hedkwatar Hukumar Tafkin Chadi take, wadda Kamaru, Chadi, Nijar da Najeriya suka kafa ranar 22 ga Mayu, 1964.

Ma'aikatanta nake yi wa jinjina, musamman masu auna ruwa. Kogunan Logon da Shari suna haɗuwa ne a bakin Kuseri, kuma su ne ke ɗauke da mafi yawan ruwan da ke shiga tafkin. Mutanen nan su ke tara lissafin hawan kogi da saukarsa shekara bayan shekara, su kai wa ministoci shawarar yadda za a raba ruwa ba tare da maƙwabci ya cuci maƙwabci ba. Aiki ne na haƙuri, babu kiɗa babu tafi. Da irin wannan gumi aka kai ga Yarjejeniyar Ruwa ta 2012, wadda masunci da manomin shinkafa da makiyayi duk ke da rabo a cikinta, ko da ba su taɓa jin sunanta ba.